Shekarar da Na Sa Uwarku Ta Warware Ɗinki

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da ya san abin da bawa ya bayyana da wanda ya danne a ciki.

Zara, Abakar, Mariyama, wannan babin naku ne fiye da sauran. Kun taso kuna jin mutanen unguwar Sabangali a nan Njamena suna cewa ba a yi mai zana tambarin riga kamar babanku ba, ni kuma na bar ku kuna jin daɗin maganar. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Ragowar tana wurin uwarku, ita kuwa kun san halinta, ko za a shekara ana tambayarta ba za ta buɗe baki ba. Don haka ni zan faɗa tun da sauran numfashina.

Allura gado ce a gidanmu. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari don ya ɗinka 'yan riguna ya ƙara guzuri, zangon da bai tashi ba ke nan har aka binne shi a nan. Aikin babbar riga hawa biyu ne. Mai zane shi ke fara fitar da ado a jikin yadi da alƙalamin kara da shuɗiyar tawada wadda ke fita in an wanke, sannan mai ɗinki ya bi layin da allura. Mai ɗinki ba ya gardama da layi. Haka babana ya koya mini, da ranƙwashi a tsakar ka. Ni mai zane ne, kuma abin da na fi taƙama da shi shi ne tambari, wato zagayen nan da ke zama a ƙirjin riga ta dama. Wasu sai sun kifa kofi ko murfin kwano sun zagaye shi. Ni ban taɓa ba. Hannu ɗaya, numfashi ɗaya, bakin layin ya dawo ya sami ɗan'uwansa.

Uwarku ba ta gaji ɗinki ba, sha'awa ce kawai. Da zarar ruwa ya ɗauke, laimar ɗaki ta ragu, sai ta fito da gwangwaninta na zare ta zauna a tsakar gida tana zuba furanni a zanen gado da rigar matashin kai, ta raba wa 'yan'uwa masu aurar da 'ya'ya. To, kaka lokacin aure ne, lokacin da aiki ke yi mini yawa, ga shi masu ɗinkina biyu sun bar ni sun koma keken zamani. Wata rana ta tarar da ni zaune da riguna huɗu a gabana, na zuba tagumi.

"Malam, kawo ɗaya in gwada."

"Am Zara, wannan ba fulawar matashi ba ce fa," na ce, da sunan da nake kiranta irin na Larabawan nan, wato uwar Zara.

"In na ɓata, ka cire a tuwonka," in ji ta, tana dariya.

Ba ta ɓata ba. Daga nan sai ya zama ni nake zane a shagona na unguwar Kabalaye da safe, in kawo gida, ita ta ɗinka a ɗaki ko a inuwar tsakar gida, ta wanke tawadar, ta ninke, ta miƙo mini riga gamammiya. Ban gaya wa kowa ba, saboda a wurinmu ɗinkin babbar riga aikin maza ne, kuma na ji kunyar a ce matata ce ke cika mini aiki. Shekara uku muka yi haka, kuma a shekarun nan uku na sha yabon da ban taɓa sha ba. Masu riga su kan ɗaga ta a ƙofar shago su ce, "Malam Isa, kai dai hannunka sai ƙara kyau yake da tsufa." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce baiwa ce daga Allah.

Abin da na ƙi yarda da shi a lokacin shi ne idona ya fara tafiya. Wani abu kamar hayaƙi ya riƙa tsaya mini a gaba. Na ce shagon ne ya yi duhu. Na ce masu ƙera allura sun rage mata kafa. Sau ɗaya uwarku ta ce mu je asibiti a duba ni, na ce ta kula da tukunyarta, ba ta sake tayar da zancen ba.

Kun san al'adarmu ta kaka, wadda Larabawan nan ke kira darat. Kowace shekara kawunku Sale, ƙanin uwarku, ya kan aiko mu je gonarsa da ke kan hanyar Mandaliya mu kwana uku, mu ci sabon abinci. A shekarar da nake ba ku labari ku duka kuna makaranta, mu biyu muka tafi. Sale zai aurar da 'yarsa ta fari bayan mako uku, ya kawo mini farar shadda in yi masa rigar uban amarya. Na zana ta da kaina, na daɗe a kan tambarin, kuma uwarku ta riga ta kwana tara tana ɗinka shi. Sai ta ƙunsa rigar a zane muka tafi da ita, don ta ci gaba a can. A gidan Sale kaɗai aka san tana taya ni.

Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin hanyar nan. Motar haya ta cika maƙil, wata mata ta ɗora mini kwandon kajinta a cinya ba ta ko tambaye ni ba. Da muka fita gari sai iska ta sake, tana kawo ƙanshin ɗanyar ciyawa da hayaƙin gasa masara. Ruwan damina bai gama janyewa daga kududdufai ba, uwarku tana ta taɓa ni tana cewa in dubi bado ya yi fure, in dubi balbelu a bayan shanu, in dubi yadda kan dawa ya yi ja. Ina cewa na gani, na gani, alhali kore da fari kawai nake gani a cakuɗe.

Sale ya tarye mu a bakin hanya da amalanken jaki. Kun san shi da tsokana, kuma ƙanin mace abokin wasan mijinta ne, ba ni da bakin hana shi.

"Ga mutanen birni! Malam, ka taho da haƙoranka ko ka baro su a Sabangali? Masarar bana ba ta san babba ba."

"Haƙoran nan sun ci masara tun kana tsotson yatsa."

"Shi ya sa nake tausaya musu. Yaya, ki riƙa tauna masa."

"Kai dai ja jakinka, Sale, ka bar mini mijina," in ji uwarku.

A gidan akwai kakarku Hajja Kaltuma, wadda ta koma wurin Sale bayan rasuwar mijinta. Shekara ashirin da huɗu ina auren 'yarta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta juya fuska gefe ta amsa wa bango. In tana so in ci abinci, sai ta ce, "A gaya wa baƙo kada ya bar miyar nan ta huce," ni kuma ina zaune taku uku da ita. Kunya ce irin ta mutanen da, amma na san tana ƙaunata, domin kan kifi mafi girma a kwanona yake sauka.

Ranar farko ci muka yi kawai. Gasasshiyar masara, dafaffiyar gyaɗa mai ɗumi, kifin Shari da miyar ɗanyar kuɓewa, ga karkanji mai sanyi a tulu, wato zoɓo. Kashegari da safe na bi Sale gona, amma rana na ɗagawa ya koro ni, wai kada in yanke yatsan zane a ce shi ne. Na dawo na sami mata a gindin babbar tsamiyar ƙofar gida, kowa da aikinta. Matar Sale tana ɗinkin zanen gadon amarya, Hajja tana ɓarar gyaɗa, uwarku kuwa ta shimfiɗa rigar Sale a cinya. A gida ban taɓa zama kusa da ita tana ɗinki ba, ina shago. Ran nan sai na ja tabarma na zauna a gefenta, raina fes, na jawo gefen rigar kusa da hancina don in yaba mata. Hasken fili ba irin na shago ba ne. Nan na ga shuɗin layina yana tafiya ta ciki, ɗinkinta kuma yana tafiya ta waje, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa.

"Am Zara, me nake gani haka?"

"Ɗinki, Malam."

"Ina layina, ina allurarki?"

Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Bari mu koma gida mu yi maganar."

Da mai hankali ne, wannan ta ishe shi. Ni kuwa sai na ji kamar ta mare ni. Na ɗaga murya a gaban mahaifiyarta, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba.

"Shekara talatin ina zane, ba a taɓa gyara mini layi ba. Sai ke da kika koyi allura a kan fulawar matashi? Warware shi."

Sale ya shigo daidai lokacin da damin takanɗa a kafaɗa. Ya ajiye, ya dubi rigar, ya dube ni.

"Haba Malam, rigata ce fa, ni kuma ta yi mini haka."

"Rigarka ce, amma sunana ne a kanta. Ta warware ta bi layi."

Uwarku ta ajiye allura. Ta juya wurin matar Sale ta ce, "Ara mini rezarki." Aikin kwana tara ta zauna tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tana tara guntayen zaren a cinyarta don kada kaji su haɗiye. Ɓarar gyaɗar Hajja ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.  Abin da ke sa ni kuka yanzu in na tuna shi ne, da yamma uwarku ta tashi daga kan ɗinkin ta je murhu ta zaɓo mini masara mai taushi, ta goge tokar da gefen zanenta, ta miƙo mini kamar ba abin da ya faru. Na karɓa na ci, ina ganin na yi gyara a gidana.

Yammacin ran nan da safiyar rana ta uku ta ɗinka zagayen waje na tambarin, wannan karon a kan layina sak, ba ta kauce ko da gashi ɗaya ba. Da hantsi ta miƙo mini da hannu biyu. Na duba, na ga allura ta hau tawada, na ce yanzu aka yi aiki. Na ce Sale ya sa mu gani. Ya zura rigar, ya fita cikin rana, ya buɗe hannuwa yana juyi, sannan ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa ya fashe da dariya.

"Yaya! Ƙwan zabuwa kika ɗinka mini a ƙirji?"

Bai rufe baki ba ya gane abin da ya faɗa. Dariyar ta mutu. Matarsa ta tashi wai za ta duba tukunya. Ni kuwa daga inda nake zaune fari nake gani da wani zagaye a kai, ban ga aibunsa ba.

"Me ya sami tambarin? Daidai yake."

Sai Hajja ta cire tabaraunta, wani tsoho mai kaurin gilashi da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta ajiye shi a bakin tabarmata, ta juya fuska wajen gona.

"A ba baƙo ya duba aikin da kyau."

Na sa. 'Ya'yana, ban san haka duniya take ba. Na ga ganyen tsamiya ɗaya-ɗaya. Na ga ƙwayar dawa a zangarniyar da ke rataye a dangar gidan. Sannan na ga ƙirjin Sale. Tambarin ya zube gefe guda kamar ƙwai, bakin layin ma bai haɗu ba, ɗaya ya wuce ta saman ɗaya, kuma har wannan ta bi da allurarta. A kewayensa kuwa ga 'yan ƙananan hujin allura a jikin shaddar, wurin da ta warware, sun yi zagaye cikakke kamar wata ɗan daren sha huɗu. Na juyo na dube ta. Rabon da in ga fuskarta sosai har na manta. Ashe furfura ta fito mata a gefen ɗankwali ban sani ba. Ba fushi a idonta, ba kuma murnar ta yi nasara. Jira kawai take yi.

Ga abin da babanku ya ce, kuma ina so ku karanta shi yadda na faɗe shi.

"Shaddar ce ta ja lokacin da nake zane. Shaddar yanzu ba ta da kirki."

Na cire tabarau na mayar bakin tabarma. Hajja ta ɗauka ta sa, ta ce, "To," ta koma kan gyaɗarta. Uwarku ta sunkuyar da kai tana naɗe zare.

Shadda ba ta ɗaukar warwara sau biyu, in an sake sai ta yage. Haka aka cika tambarin a karkace. Ranar ɗaurin aure Sale ya sa rigar, ya yafa rawani a kafaɗar dama ya rufe wurin, yini guda cikin zafi bai sauke ba. Mutumin da ke tsokanata a kan haƙori da tafiya da yadda nake shan shayi bai sake ambaton ƙwan nan ba har ya bar duniya, kuma shirunsa ya fi mini dariyarsa zafi.

Mun dawo Njamena da buhun gyaɗa da kabewa biyu, uwarku tana ɓare mini takanɗa a mota tana miƙo mini gaɓa-gaɓa. Bayan bikin na kawo mata wata riga da na zana. Ta karɓa, ta shafa yadin, ta mayar mini.

"Idona ya gaji da farin yadi, Malam. Zan koma furannina."

Ba ta sake sa allura a rigar namiji ba. Na je a ɓoye aka yanka mini tabarau, daga baya aka yi mini aikin yanar ido, gani ya dawo. Amma duk lokacin da na ɗora alƙalami zan ja tambari sai hannuna ya yi rawa, kuma ba wanda zai rufa mini asiri a bayan layi. Har kofi na kifa, ni Isa. Masu riga suka fara cewa aikin ba kamar da ba. Da na rufe shagon na gaya muku keken zamani ne ya kashe sana'ar. Keke ya yi nasa, amma ba shi kaɗai ba ne.

Kada ku ɗauka zaman gidanmu ya ɓaci. Kun gani da idonku, bai ɓaci ba. Ta ci gaba da dafa mini kunun gyaɗa yadda nake so, muna hira, muna dariya, kowace kaka muna zuwa gona. Wuri ɗaya ne kawai a tsakaninmu da kowa ke kewayewa. Hajja ta rasu ban ce komai ba. Sai da Sale ma ya rasu, muka dawo daga sadakar bakwai, lokacin mun riga mun koma gidanmu na unguwar Gudji, na ga waɗanda na ci mutuncinta a gabansu suna ƙarewa. Da safe na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai. Na tsaya a kanta kamar mai neman aron gishiri.

"Am Zara, tambarin nan, layina ne ya karkace. Ba shadda ba ce."

Ba ta ɗago ba. "Wane tambari kuma?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Shekara tara, Malam." Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar. "Zauna mana, kana tare mini haske."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na tambaye ta tun yaushe ta gane. Ta ce tun rigar farko. A shekarar farko karkatar ba ta wuce silin gashi ba, a ta biyu ta kai ƙwayar shinkafa, a ta uku ta kai yatsa. Shi ya sa ba ta taɓa ba ni riga ba sai ta wanke tawadar tas.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka, ka aike ni wurin tukunya." Ta yi 'yar dariya. "Kuma ina ganin yadda kake fita shago da safe, hula a karkace, alƙalami a bayan kunne, kana tafiya kamar angon jiya. Ban so in zama wadda za ta raba ka da tafiyar nan ba."

"Ki yafe mini warwarar da na sa ki."

"Warwara ba komai ba ce, zare ne. Amma da ka sa tabaraun Hajja ka juyo ka dube ni, na ce a raina halas, shi ke nan, yanzu zai faɗa, ko da kalma ɗaya ce, a gaban uwata. Wannan ce ta zauna mini."

 Ta ajiye faifan, ta zuba mini shayi, ta sa mini a hannu.

"Na yafe tun muna mota, in ba haka ba da kai za ka ɓare takanɗarka. Amma ni ai na sani, ba ni ce ke bukatar labari ba. Hajja ta tafi, Sale ya tafi. Saura 'ya'yanka, su da ke yawo suna cewa babansu ya fi kowa."

Na ce mata zan gaya muku a sallar da ke tafe. Salla nawa ta wuce tun ran nan, kuna zuwa da jikoki gida ya cika, ina buɗe baki sai in ɓuge da tambayar ku ya hanya. Baki ya gagare ni, shi ya sa na koma takarda.

To, ga shi na faɗa. Duk rigunan da suka fita daga shagona a shekarun nan uku, waɗanda har yau in tsofaffin Sabangali suka fito da su ranar Juma'a ake nunawa ana kiran sunana, layina a ƙarƙashinsu karkatacce ne. In kun zo, kada ku yi mata dogon jawabi, kun san ba ta so, za ta ce ku tashi ku ɗauko mata tsintsiya. Ku dai zauna kusa da ita ku bari ta gane kun sani. In kuma wani ya sake tare ku a hanya yana yabon hannun Malam Isa, kada ku ce na gode. Ku ce masa uwarku Halime ce ta ɗinka.